Kofin Kwandon Afirka da Mulkin Angola

A Alƙahira aka fara gasar ƙwallon kwando ta maza ta ƙasashen Afirka a 1962, masu masauki kuma suka ɗauke kofin, Sudan ta zo ta biyu. Senegal ta yi zamaninta, Afirka ta Tsakiya ma ta ɗauka a 1974 da 1987.

Amma ni labarin Angola ne ya fi taɓa mini zuciya. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa ta karɓi baƙuncin gasar a 1989, ta ci, daga nan kuwa sai ta riƙe wuta. Kofi 11 ta kwashe zuwa 2013, sau biyu kacal ya kuɓuce mata, a 1997 da 2011. Sirrin, a ganina, shi ne 'yan wasanta sun taso tare a ƙungiyoyin Petro da Primeiro de Agosto na Luwanda, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya.

Nijeriya ta sha wuya a hannunsu a wasan ƙarshe na 1999 da 2003. Sai a 2015 a Tunisiya 'yan wasan Nijeriya, wato D'Tigers, suka rama da ci 74 da 65, aka zaɓi Chamberlain Oguchi gwarzon gasar.