Daga Rediyo Zuwa Salula: Tarihin Cinikin Kayan Hannu a Jimeta da Yola

Jama'a, duk wanda ya ratsa ta shagunan 'yan waya da ke kewayen Babbar Kasuwar Jimeta da yamma, zai ga samarinmu sun yi cirko-cirko, kowa da waya biyu ko uku a tafin hannu, ana tayi ana cewa albarka. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka wannan sana'a da su ta fara. To, ba haka abin yake ba. Dillanci ne irin na kakanninmu ya sake riga, sai dai akwai wani abu guda da ya sauya a cikinsa, wanda ya kamata mu fahimta da kyau, domin kuwa shi ne ke cinye wa yaranmu jari.

Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, kuma tun a wancan ƙarni fataken Hausawa suke shigowa ƙasar Fombina da tufafi da kanwa da dawaki, suna wucewa Garwa da Ngaundere da Banyo neman hauren giwa. Baƙo ba ya sauka a kasuwa haka kawai. Yana da fatoma, wato maigidan da zai sauke shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, kuma ya tsaya masa idan rigima ta taso. Dillali yana cin la'adarsa ne saboda abu biyu: ya san kaya, ya kuma san mai kayan. Bayan Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, harka ta ƙara komawa bakin kogin Binuwai, inda jiragen ruwa ke isowa da damina da kayan kamfanoni. Haka Jimeta ta cika ta batse, Yola ta zama garin Lamido, Jimeta kuwa garin 'yan kasuwa, mu da Barebari da Nufawa da Yarabawa da Ibo. A gaisa da Fulatanci, a yi ciniki da Hausa.

Mu da muka taso a shekarun 1970 da 1980 mun tarar da cinikin kayan hannu yana tafiya a kan wannan tsari. Keken Raleigh, keken ɗinki Singer, rediyo mai kaset, agogon Seiko 5 da alhazai ke dawowa da shi tsaraba daga Makka. Malamin makaranta ya shiga matsi, sai ya miƙa wa dillali rediyonsa. Matan kulle kuwa dillaliya ke zagayawa da kwanukansu da zannuwansu gida-gida. Abin lura a nan shi ne, darajar irin waɗannan kaya a jikinsu take. A kaɗa agogo a kara shi a kunne, a juya ƙafar keke, a murɗa rediyo a ji ko yana kama Kaduna da Landan. In yana da lafiya yau, to bayan shekara goma ma aikin da zai yi ke nan. Akwai gidaje a Limawa da Rumde da har yanzu ake ɗinki da keken da aka gada.

Abin da ya mai da kayan hannu babbar sana'a shi ne faɗuwar darajar Naira. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin nan na SAP, sabon kaya ya fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwa ta cika da tsofaffin kayan Turai. Yarabawa suka ce musu tokumbo, mu nan muka ce Beljiyam, ko da kuwa firjin ko motar ba ta taɓa taka wannan ƙasa ba. Tun daga lokacin mutanenmu suka yarda a ransu cewa tsohon Turai ya fi sabon wani wuri ƙarko, kuma wannan imani ne ya biyo mu har cikin harkar waya.

A watan Janairu na 2001, zamanin mulkin Obasanjo, aka yi gwanjon lasisin wayar salula a kan Dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan NITEL a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Matasan yanzu ba za su yarda ba in aka ce musu layi kaɗai, ban da waya, ya kai Naira 20,000 ko fiye, kira kuma Naira 50 a minti, ko da "salamu alaikum" kawai ka ce ka kashe. Sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan aka sami sauƙi. Da sabis ya iso Adamawa, mafi yawan wayoyin da mutane suka fara riƙewa na hannu ne: Nokia 3310, Motorola, Sagem, Trium, ana sarinsu daga unguwar Otigba ta Ikeja, inda ake kira Computer Village, ko daga Kano, su biyo ta Bauchi da Gombe da Numan. Daga nan wasu su wuce Mubi, wasu su tsallaka Garwa a sayar da Sefa.

Wannan zamani na Nokia bai yi nisa da zamanin rediyo ba. A cire batir, a duba ko ruwa ya taɓa shiga, a sa layi a kira. In kwanson ya tsufa a sake mata sabo, ta koma amarya. Nokia 1100 mai tocila, wadda ta fito a 2003, ta yi wa makiyaya da masunta hidimar da ba za a manta ba, kuma mutum zai yi shekara biyu da ita ya sayar bai yi wata hasarar kirki ba.

A nan ne aka fara abin da yara ke kira suwaf, mu kuma muka san shi da musaya da ciko. Ba sabon abu ba ne, 'yan tike sun daɗe suna ba da bijimi su karɓi karsana da ciko. Ga yadda lissafin yake, don masu zargin 'yan kasuwa da zalunci. Alal misali, ka kawo wayar da mai shago ya san in ya yi sa'a zai sayar Naira 100,000. Ba zai ƙiyasta maka ita a haka ba. Zai cire ribarsa, ya cire kuɗin gyaran da bai gani ba tukuna, ya cire kwanakin da za ta yi a gilashi kuɗinsa na kwance, sannan ya ce 75,000 ko 80,000, ka cika sauran ka ɗauki wadda kake so. In ka zo da kwali da rasit a ƙara maka. In an taɓa buɗe ta, ko an canja sikirin da wanda ba na asali ba, a rage. Wanda ya sayar da kansa ga mai amfani ya fi samun kuɗi, amma shi zai yi ta yawo, shi kuma za a dawo wa in ta lalace. Kuɗin da aka rage maka a musaya, ladan wannan wahala ne.

Abin da ya karya tsohon lissafi shi ne BlackBerry. Wajen 2010 zuwa 2012 babu wayar da ta kai ta farin jini, ɗaliban jami'ar Amurka ta Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, da na jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, kowa tambayar lambar BBM yake. A 2013 kamfanin ya saki BBM ɗin nan ga wayoyin Android da iPhone, ga kuma Tecno da Infinix da Itel masu layi biyu da araha. Cikin ɗan lokaci wayar da ake rububi ta zama ba mai tayawa. Babu abin da ya same ta, madannanta lafiya, batirinta lafiya. WhatsApp ya janye daga kanta a ƙarshen 2017, a ranar 4 ga Janairu 2022 kuma kamfanin da kansa ya rufe hidimar tsofaffin wayoyinsa. Wanda ya tara su a shago sai dai ya ba yara su yi wasa.

To, wannan shi ne sabon abin da muka ambata a farko. Agogon Seiko ajalinsa a jikinsa yake, amma wayar zamani ajalinta yana hannun wani kamfani a Amurka ko Sin, wanda bai san akwai wani gari Jimeta ba. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da iPhone 6, alhali har lokacin ana cinikinsu a kasuwanninmu. A ganinmu dillalin da ya san wannan ranar na tafe, ya yi shiru ya sayar wa ɗan ƙauye, ya yi algus, ko da kuwa wayar ba ta da ko ƙwarzane. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibi haramun ne, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya in aibin ya bayyana. Malamanmu na da sun yi maganar dabba mai ɓoyayyar cuta ne, amma hukuncin bai canja ba.

Haka abin yake ga kwamfuta. Tun da hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta kuma mai da ita dole a 2015, iyaye suka shiga neman tafi-da-gidanka ta hannu, yawanci HP da Dell da Lenovo waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Kaya ne masu ƙarko, ba mu musa ba. Amma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Za su ci gaba da kunnuwa, amma farashinsu ba zai koma inda yake ba. Tun a 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena kusan 500 na tsofaffin kayan lantarki ke sauka Legas duk wata, kuma kaso mai yawa a cikinsu matattu ne. Ƙarshensu hannun 'yan jari-bola, a fasa a cire tagulla.

Agogon zamani mai haɗi da waya kuwa ba ma sai mun daɗe a kansa ba. Batirinsa a manne yake, na Apple ba ya aiki sai da iPhone, jabu kuma sun fi na asali yawa. Shi ya sa dillali ke yatsina fuska in an kawo shi musaya.

Wayoyin da ake kira Landan-yus ma suna kawai suka tara. Kamfanin Apple ya fara karɓar tsohuwar waya a shagunansa na Amurka a 2013, kamfanonin layi na can su ma haka suke yi, sai a tattara a rarraba su daraja-daraja, a yi gwanjonsu, su bi ta Hong Kong ko Dubai kafin su iso Legas da kasuwar Farm Centre ta Kano. Wato musaya da cikon da Ba'amurke ya yi, ita ce jarin yaronmu a nan. Kuma da yake da Dala aka saro su, Dala ke juya su. Bayan an saki Naira a watan Yuni na 2023, Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. A lokacin ne muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: mutum ya yi shekara yana amfani da waya, ya sayar da ita fiye da yadda ya saya. Wasu suka yi ta murna sun ci riba, sai da suka je sari suka tarar kuɗin waya goma bai sayi shida ba.

Wannan kasuwa ta sha wuya tare da garin. A 2013, lokacin dokar ta-ɓaci, an katse sabis a Adamawa daga Mayu zuwa Yuli, waya ta zama tocila da agogo kawai, ciniki ya tsaya cik. A Oktoba 2014 da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, 'yan gudun hijira suka cika Yola, kuma da yawansu wayar da ke aljihu ce kadara ta farko da suka sayar don sayen abinci. Waɗanda suka saya da mutunci a lokacin an san su, waɗanda suka yi wa bayin Allah tayin wulaƙanci su ma an san su. A watan Yuni na 2015 kuma bam ya tashi a kasuwar Jimeta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Saura maganar da ta fi damunmu, wato 'yan Shila. Yaran nan da ke fizgen waya a cikin Keke Napep da wuƙa a hannu ba cin wayar suke yi ba, sayarwa suke yi, kuma wani ne ke saye. A zamanin Nokia a jefar da layi shi ke nan magana ta mutu. Yanzu kowace waya tana da lambarta mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI, a danna *#06# ta fito. An fara rajistar layi a 2011, a Disamba 2020 kuma aka ce a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa. Ke nan duk wanda ya sa layinsa a wayar sata ya rubuta sunansa a kanta. Jami'an tsaro su kama mai amfani, shi ya nuna shagon da ya saya, mai shago kuwa in ba zai iya nuna wanda ya kawo masa ba, a kansa igiya za ta tsaya, domin karɓar kayan sata laifi ne mai zaman kansa a dokar Penal Code. Ita iPhone tun 2013 take da makullin iCloud, in mai ita bai cire da hannunsa ba, sai dai a yanka ta a sayar da sassa.

Mu kuma baƙi ne a ƙasar Lamido, ko da an haifi kakan mutum a Luggere. In aka kama yaro ɗaya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawan kasuwa ne. Shi ya sa shagunan da suka san ciwon kansu suka koma wa aikin fatoma ba tare da sun san sunansa ba. Akwai littafi a kan teburi: sunan mai sayarwa, lambar wayarsa, lambar IMEI, hotonsa riƙe da wayar, da sa hannun wanda ya tsaya masa. Mai sayarwa ya buɗe wayar da kansa a gaban shaida, ya cire asusunsa, ya goge hotunan iyalinsa, sannan a ƙirga masa kuɗi. Wanda ya ce sauri yake yi ba zai iya jira a rubuta ba, sai a ce masa ya gwada shagon gaba.