Black Swan: Kamfanin Faifai na Baƙar Fatar Amurka, 1921 zuwa 1923

A shekarar 1921 Harry Pace ya kafa kamfanin faifan garmaho na Black Swan a unguwar Harlem ta birnin New York, bayan ya raba gari da W. C. Handy, wanda suka yi sana'ar buga takardun waƙoƙi tare. Kamfani ne mai cin gashin kansa, wato wanda ba ya ƙarƙashin manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwa, kuma an raɗa masa laƙabin Elizabeth Taylor Greenfield, wata baƙar fata da ta yi suna a waƙa a ƙarni na 19. Shekara guda kafin haka, faifan "Crazy Blues" na Mamie Smith, wanda kamfanin OKeh ya fitar, ya nuna cewa baƙar fata na da kuɗin sayen faifai, sai dai ribar ba hannunsu take shiga ba.

Burin Pace ya wuce ciniki, domin shi da W. E. B. Du Bois, wanda ke cikin daraktocin kamfanin, suna son duniya ta ji baƙar fata suna rera waƙoƙin ibada da na opera, wato wasan kwaikwayon Turai da ake yi da waƙa. Amma abin da ya riƙe kamfanin shi ne blues, salon waƙar talakawan kudancin Amurka da yawancin 'yan boko ke yi wa kallon raini. Faifan "Down Home Blues" na Ethel Waters ne ya fitar da shi daga bashi, sannan rangadin da ta yi tare da makaɗa ƙarƙashin Fletcher Henderson ya kai sunansa garuruwan kudu, inda wariyar launin fata ta fi tsanani.

Nasarar ce ta jawo masa ajali. Da Columbia da Paramount da OKeh suka ga ribar da ke ciki, sai suka riƙa ɗauke mawaƙa da farashin da Pace ba zai iya biya ba, ga kuma dillalansu a ko'ina, yayin da rediyo ya fara rage cinikin faifai baki ɗaya. A 1922 Pace ya shiga sayen masana'antar buga faifai ta Olympic domin ya daina dogaro da wasu, lamarin da ya ɗora masa nauyi, har ya kai ga fitar da kiɗan wasu fararen fata da sunayen aro, abin takaici ga kamfanin da ke tallar cewa mawaƙansa baƙar fata ne zalla. A Disambar 1923 kamfanin ya karye, a 1924 kuma faya-fayansa suka koma hannun Paramount, shi kuwa Pace ya koma harkar inshora, wadda daga baya ta kai shi Chicago.