Iyakar Hawan Jiragen Jet da Aikin Masu Kula da Sararin Samaniya

Jiragen fasinja masu injin jet kan yi mafi yawan tafiyarsu ne tsakanin ƙafa 30,000 zuwa 41,000 a sama. A can iska ba ta da kauri, don haka jirgi ke ratsa ta cikin sauƙi, bai kuma cika shan mai ba. Sai dai kowane jirgi yana da iyakar da aka hana shi wucewa. Alal misali, ƙirar Boeing 737-800 ba ta haura ƙafa 41,000.

Dalilin iyakar shi ne, yayin da jirgi ke ƙara hawa, iskar da injina ke shaƙa tana raguwa, ƙarfinsu ma ya ragu, fukafukai kuma su buƙaci ƙarin gudu kafin su riƙe shi. Idan gudun ya yi ƙasa da kima, fukafukan su kasa ɗaukar nauyinsa, ya fara faɗowa. Idan kuma ya kusanci saurin sauti, iskar da ke bi ta kansu ta hargitse, jirgin ya kama girgiza. Tazarar da ke tsakanin waɗannan haɗurra biyu tana ƙara tsukewa da kowace ƙafa da aka hau.

Nauyin jirgi da zafin iska suna ƙara rage wannan tazara. Shi ya sa jirgin da ya tashi maƙil da mai yake fara tafiya a ƙasa-ƙasa, sannan ya nemi izinin ƙara hawa bayan ya ƙona wani kaso.

Izinin yana hannun masu kula da zirga-zirgar jirage. A Najeriya aikin Hukumar Kula da Sararin Samaniya ta Ƙasa ne, wato NAMA, wadda ke da manyan cibiyoyi a Kano da Legas. Tun daga shekarar 2008, a nahiyar Afirka ana barin tazarar ƙafa 1,000 tsakanin jirgi da jirgi a tsakanin ƙafa 29,000 zuwa 41,000. Bisa ƙa'ida, masu nufar gabas suna bin matakai irin su ƙafa 33,000 da 35,000, masu nufar yamma kuma 34,000 da 36,000.

Mai kula yana ganin matsayin jirgi da tsayin da yake, amma matuƙi ne ya san nauyinsa da ƙarfin da ya rage wa injinansa. Saboda haka ƙa'idar aiki ta wajabta wa matuƙi ya faɗa nan take idan aka ba shi umarnin da jirginsa ba zai iya cikawa ba, domin a nema masa wani mataki ko wata hanya.

Haɗarin jirgin West Caribbean Airways mai lamba 708 ya nuna illar wuce iyaka. A ranar 16 ga Agusta, 2005, jirgin ƙirar MD-82 ya tashi daga Panama zuwa tsibirin Martinique, ya hau ƙafa 33,000. Masu bincike sun gano cewa da nauyin da yake ɗauke da shi, ga na'urar hana ƙanƙara da ke rage ƙarfin injina, ba zai iya riƙe gudunsa a wannan tsayi ba. Gudun ya riƙa raguwa sannu a hankali, kuma ko da matuƙan suka nemi izinin saukowa, ba su gane cewa fukafukan ne suka kasa ba. Jirgin ya faɗi a Benezuwela, mutum 160 da ke cikinsa duk suka rasu.

Don haka ake horar da matuƙa su riƙa lura da gudu a kowane lokaci, su kuma sauko ba tare da jinkiri ba idan ya fara zubewa, suna sanar da mai kula domin ya kawar da jiragen da ke ƙarƙashinsu.