Kuskuren da Ba Ya Shiga Takarda: Zaɓen Mai Tsaron Sanduna da Raunin Hukumomin Kurket

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda hukumomin kurket na Ingila da Pakistan suka riƙa ɗorawa da sauke masu tsaron sanduna daga 2004 zuwa 2024. An gano cewa takardar maki tana adana abin da mai tsaro ya ci da sanda, ba ta adana ƙwallon da ta kuɓuce masa, kuma da wannan giɓi hukumomi ke fakewa idan sun yi zaɓen son rai.

Gabatarwa

A wasan Tes mai kwana biyar ana sa ran a jefa ƙwallo sau 540 a yini. Kowace jifa, mai tsaro yana tsugune a bayan sanduna uku, hannayensa cikin safa mai kauri, idonsa a kan yatsun mai jifa. Ƙwallo na iya gogar gefen sandar mai bugu ta sauya hanya cikin ƙiftawar ido, kuma aikinsa ne ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Cafewa ɗaya tana fitar da gwanin bugu daga fili, kuɓucewa ɗaya kuma tana iya janyo wa ƙungiya asarar maki ɗari. Tambayar wannan bincike ita ce: me ya sa gurbin da ya fi kowane buƙatar natsuwa shi ne hukumomi suka fi wasa da shi?

Waiwaye

Yawancin marubuta wasanni suna ɗora alhakin a kan Adam Gilchrist na Ostareliya. Hujjarsu ita ce, tun da ya fara wasan Tes a 1999 ya riƙa zuba maki, kowace ƙasa ta shiga neman mai bugun da za a sanya wa safa, aka yi watsi da gwanayen tsaro. Wannan maƙala ba ta yarda da wannan bayani ba. Gaskiya ne Gilchrist ya haura maki ɗari har sau 17 a wasanni 96, amma kuma ya fitar da masu bugu 416 daga bayan sanduna, don haka gwanin tsaro ne na haƙiƙa. Abin da masu wannan ra'ayi ke tsallakewa ma ya fi haka nauyi. Kafin Gilchrist, Ian Healy ya riƙe gurbin a wasanni 119 tun daga 1988. Kusan shekara ashirin ke nan Ostareliya ta dogara da waɗannan mutum biyu. Darasin da ke cikin wannan shi ne haƙuri da tsari, kuma shi ne sauran hukumomi suka kasa ɗauka.

Hanyar Bincike

An bi takardun maki na wasannin da aka ambata, aka gwada su da rahotannin 'yan jarida da hotunan bidiyo, sannan aka duba matakin da hukuma ta ɗauka bayan kowane wasa.

Sakamako

Babban abin da aka gano yana cikin wasan birnin Sidni na Janairun 2010. Pakistan ta fitar da Ostareliya a kan maki 127, ita kuma ta ci 333, ratar 206 ke nan. Da wuya ƙungiya ta sha kaye bayan irin wannan rata. Amma a zango na biyu, mai jifar Pakistan Danish Kaneria ya yaudari Michael Hussey na Ostareliya har sau uku, ƙwallo ta gogi sandarsa ta nufi safar mai tsaro Kamran Akmal, sau uku tana faɗuwa ƙasa. Hussey ya ƙare da 134 ba a fitar da shi ba, shi da Peter Siddle suka haɗa maki 123, alhali shi ma Siddle ya tsira daga hannun Akmal. Pakistan ta nemi 176, ta tsaya a 139, ta faɗi da tazarar 36.

Duk wanda ya ɗauki takardar makin wannan wasa a yau ba zai ga alamar abin da ya faru ba. Zai ga Hussey ya yi bajinta, zai ga Kaneria ya zubar da maki masu yawa, sai ya zaci mai jifar ne ya gaza. Wato laifin mai tsaro an rubuta shi a gaban sunan wani. Abin takaici ne ga duk wanda ya san wahalar jifar murɗa ƙwallo, domin wannan takarda ita ce ake buɗewa a taron kwamitin zaɓe.

Sai kuma martanin hukuma. An kawo Sarfaraz Ahmed a madadin Akmal ya yi wasa na gaba a Hobart, sannan aka ajiye shi. A watan Maris hukumar kurket ta Pakistan, ƙarƙashin Ijaz Butt, ta dakatar da manyan 'yan wasa, ta ci tarar wasu, ciki har da Akmal, amma kafin shekara ta ƙare an janye yawancin hukuncin. Akmal ya koma gurbinsa. Ranar 8 ga Maris 2011, a gasar cin kofin duniya, Ross Taylor na Niyu Zilan ya tsira sau biyu daga hannun Akmal a jifar Shoaib Akhtar tun bai kai maki goma ba, ya je ya ci 131, Pakistan ta faɗi da tazarar 110. Ba a ce Akmal ba shi da baiwa ba, ya sha ceton ƙasarsa da sanda. Laifin na waɗanda suka ga rauni a fili ne, suka rasa ma'aunin da za su auna shi, sai suka koma hukunci yau, afuwa gobe. Hukumar da ta yi shugabanni aƙalla huɗu tsakanin 2021 da 2024 kuwa, ba ta da lokacin gina irin wannan ma'auni.

A Ingila ciwon ɗaya ne, sai dai ya fito ta wata fuska. A Afrilun 2004 aka sauke Chris Read aka ɗora Geraint Jones saboda bugu, bayan Ingila ta riga ta ci wasa uku a jere a Karebiyan. An dawo da Read a 2006, aka sake ajiye shi a farkon gasar Ashes da Ostareliya, aka kuma kira shi bayan kofi ya suɓuce. Ya cafe shida a zango ɗaya a Melbon, amma bayan wasan Sidni na wannan gasa bai sake buga Tes ba. Ben Foakes ya ci 107 a wasansa na farko a Sirilanka a 2018, duk da haka a 2023 aka ba Jonny Bairstow safa bai daɗe da warkewa daga karayar ƙafa ba. Damammaki sun kuɓuce masa a Edgbaston, Ostareliya ta yi nasara da kyar, saura mutum biyu a fitar mata. A 2024 aka zaɓi Jamie Smith, wanda a ƙungiyarsu ta Surrey Foakes ne ke tsaro ba shi ba.

Iyakar Binciken

Dole a amince cewa ƙasashe biyu ba su wakilci duniyar kurket ba, kuma ba kowace ƙwallo da ta faɗi ba ce mai sauƙin kamu. Ba za a iya rantsewa cewa da Akmal ya cafe Hussey da Pakistan ta yi nasara ba. Jones ma shi ne ya cafe ƙwallon da ta bai wa Ingila nasarar maki 2 a Edgbaston a 2005. Waɗannan ba su rushe hujjar ba.

Shawara

Manyan ƙungiyoyi suna da masu nazarin bidiyo da ke ƙirga irin waɗannan kurakurai, amma alƙaluman suna tsayawa a ofis, inda mai zaɓe zai iya dubawa ko ya kau da kai. Muna kira ga hukumar kurket ta duniya, ICC, da ta ƙara gurbi a takardar maki inda za a rubuta duk damar da ta kuɓuce, da sunan wanda ta kuɓuce wa, da makin da mai bugu ya ƙara bayanta. Kowane kwamitin zaɓe kuma a wajabta masa bayyana wa jama'a dalilinsa a rubuce kafin ya karɓe safa daga hannun wani.