Masaukin Bakin Teku na Ikko

Garin Wudil yana bakin kogi, kamar mil 25 daga birnin Kano, kuma tun da daɗewa mutanensa suka san sha'anin saukar baƙi. Kowace Jumma'a fatake da dillalai da Fulani kan cika karar shanu, wanda dare ya yi masa sai ya nufi gidan fatomansa. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya aiko masa da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma tsaya masa wajen ciniki. Da yawa daga shanun da a ke saye a nan kudu a ke kai su, har Ikko, domin mafi yawan naman da a ke ci a can daga Arewa ya ke fitowa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tafiyar da ta kan ci watanni ta koma ta 'yan kwanaki, ko da ya ke tsakanin biranen biyu akwai mil 700.

A Ikko kuwa Turawa sun zo da wani irin masauki dabam, watau otal, inda baƙo ke biyan kuɗin ɗaki da na abinci, ba ruwan kowa da sanin asalinsa. Haka ya kamata a ce abin ya ke. Amma a watan Fabrairu na 1947 wani abu ya faru wanda ya tone yadda a ke ciki. Ofishin Mulkin Mallaka na London ya aiko ma'aikatansa biyu, J. L. Keith da Ivor Cummings, suka nufi otal ɗin Bristol inda aka kama musu ɗakuna. Keith Bature ne, aka karɓe shi. Cummings kuwa ubansa mutumin Saliyo ne, uwarsa Baturiya, sai aka hana shi ɗaki saboda launin fatarsa. Da labari ya bazu, jaridu suka ɗauka, manyan gari suka fusata, har Gwamna Sir Arthur Richards ya ga ba makawa sai ya hana nuna bambancin launi a wuraren da jama'a ke shiga. Bayan wannan ne aka daina kiran asibitin Turawa da wannan suna, ya zama asibitin Creek.

Shekara goma sha uku bayan haka, da lokacin mulkin kai ya ƙarato, sai wata damuwa ta taso: ina za a sauke manyan baƙin da za su zo daga ƙasashen duniya? Kamfanin A. G. Leventis, wanda Kanawa suka san kantunansa, shi ya gina sabon otal a tsibirin Victoria, a bakin mashigar da jiragen ruwa ke bi daga teku zuwa Apapa. Aka buɗe shi a 1960 da ɗakuna kamar 150, aka san shi da sunan Federal Palace. A wancan zamani babu masaukin da ya kama ƙafarsa a Nijeriya.

Wanda ya saba da akushi da tabarma, in ya shiga ɗakin cin abincin irin wannan wuri, sai ya tarad da wata ɗabi'a. Kowane teburi an lulluɓe shi da farin ƙyalle, an jera cokula da wuƙaƙe, kowanne da aikinsa. Ba a kawo abinci gaba ɗaya. Romo ke fara zuwa, sa'an nan kifi, sa'an nan nama, a rufe da kayan zaƙi da gahawa. Musulmi ya kan tambayi abin da ke cikin kowane faranti saboda gudun naman alade, ya kuma kau da kai daga giya. Ta taga kuwa ga jiragen ruwa suna wucewa, a wancan zamani waɗansu ɗauke da gyaɗa da fatu na ƙasar Kano za su Ingila.

Darajar wannan otal a tarihi daga bikin 'yancin kai ta samo asali. Majalisar Ingila ta riga ta zartad da dokar ba Nijeriya 'yanci a watan Yuli na 1960. Da tsakar daren 30 ga Satumba aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa, aka ɗaga kore da fari, da gari ya waye kuma Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniya, ta miƙa takardun mulki a gaban Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa da Gwamna Janar Sir James Robertson. Baƙin bikin da yawa a Federal Palace suka sauka, masu otal ɗin kuma sun daɗe suna alfahari da cewa a ɗakin taronsu aka sa hannu a takardar 'yanci. A garin da aka hana baƙin mutum ɗaki a 1947, ga shi baƙaƙen fata su ne masu masauki, Turawa su ne baƙi.

A 1964 Gwamnatin Tarayya ta karɓi otal ɗin. Da aka zo shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu na 1977, sai aka ƙara masa dogon bene mai hawa 15. Amma kayan gwamnati sau da yawa kan rasa mai kula, a hankali ginin ya tsufa, sababbin otal-otal suka sha gabansa. Ranar 12 ga Disamba 1991 hedkwatar ƙasa ta koma Abuja, manyan baƙi suka bi ta can. A 1992 aka sayar da shi ga 'yan kasuwa, daga baya kamfanin Sun International na Afirka ta Kudu ya shigo, aka gyara tsohon ginin, aka sake buɗe shi a 2008, aka kuma kafa gidan caca a ciki. Bakin tekun Bar Beach da ke kusa, inda mutanen Arewa da yawa suka fara ganin teku da idonsu, shi ma an cike shi da yashi don gina sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Har wa yau otal ɗin yana nan a kan titin da aka sa wa sunan Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Fatoman Wudil ya san wannan tun ba shi da gado sai karauni, amma sai da aka yi rigima a 1947 kafin masu farin ƙyalle da cokulan azurfa na Ikko su koya.