Fako da Taki: Tarihin Wata Amana a Ƙasar Maraɗi

Manomin ƙasar Maraɗi ba ya kiran ƙasa da suna guda. Akwai jigawa, rairayi mai sauƙin noma, inda gero yake jin daɗi. Akwai geza, wadda ta fi jigawa ƙarfi da nauyi, mai wahalar da hauya amma mai riƙe albarka idan damina ta yi kyau. Akwai fadama ta bakin gulbi, mai laka. Sannan akwai fako, wato filin da ya daskare ya yi ɓawo kamar daɓen ɗaki, ruwan sama ya sauka a kansa ya wuce bai shiga ba, sungumi ya sare shi ya yi tsalle. Ukun farko halitta ce. Fako kuwa, a mafi yawan gonakin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, yana da tarihi, kuma tarihinsa a haɗe yake da na taki.

A ƙarni na 19, bayan jihadi ya tarwatsa tsoffin sarautu, Katsinawa suka kafa Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka zauna a Tibiri wajen 1836. Zamani ne na hare-hare, don haka jama'a ta cunkushe a kwarin Gulbin Maraɗi da kewayen garuruwa masu ganuwa, daji kuwa ya zauna daji. Da yaƙe-yaƙe suka lafa a farkon mulkin Faransa, sai mutane suka fantsama cikin jigayi, suna haƙa rijiyoyi, suna kafa ƙauyuka, har zuwa kwarin Gulbin Kaba mai yawan goruba. A wancan lokaci maganin gajiyar gona ɗaya ne: a bar ta saura. Mutum ya noma wuri shekara uku ko huɗu, ya ga amfani ya ja baya, ya matsa gaba ya yi sabon sassabe, ya bar sabara da kalgo su rufe tsohuwar har ta farfaɗo. Taki na karkara ne kawai, gonakin da ke manne da gari, inda ake zuba juji da toka da kashin awaki.

Gyaɗa ce ta fara sauya wannan lissafi. Haraji sai da kuɗi, kuɗi kuma a gyaɗa yake, musamman daga shekarun 1930 zuwa bayan samun mulkin kai, lokacin da aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayenta. Gyaɗa kuwa tsiro ne da ake tumɓukewa gaba ɗaya, ƴaƴa su tafi kasuwa, harawa ta tafi kan rumfa, a bar gona tsirara tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Ga jama'a tana ƙaruwa, gandu yana rarrabuwa tsakanin magada. Binciken da Claude Raynaut da abokan aikinsa na jami'ar Bordo suka yi a jihar a shekarun 1970 da 1980 ya nuna yadda gonaki suka cinye daji da makiyaya, saura ta yi ta gajarta har ta ɓace a wurare da yawa.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe hauya. Iskar hunturu da guguwar bazara su kwashe rairayin sama mai laushi, su bar ƙasa mai tauri a fili. Ruwan farko ya sauko da ƙarfi, ɗigonsa ya farfasa ƙurar, ƙurar ta toshe ƴan kafofin da ƙasa ke shan ruwa da su, rana ta gasa, ɓawo ya kafu. Daga nan ciyawa ma ba ta fita, kuma wurin da ciyawa ba ta fita ba ya tare komai, sai fakon ya yi ta faɗi kowace shekara kamar sanƙo.

Taki yana warkar da wannan ta hanyar da ta wuce ciyar da shuka. Idan aka zuba kandilo ko kashin tumaki a kan fako tun da rani, gara ce take fara zuwa. Wannan halitta da ake tsine wa saboda rumbu da azara, a nan ita ce lebura: tana huda ɓawon daga ƙasa, tana buɗe hanyoyi, tana jan takin zuwa ciki, ruwan farko ya sami inda zai bi. Tarkacen da ke sama yana tare rairayin da iska ta ɗauko, da irin ciyawa a cikinsa. Abin da ya ruɓe kuma yana haɗa ƙwayoyin ƙasa su zama ƴan dunƙule masu riƙe laima. Sai dai aikin ba na damina ɗaya ba ne, kuma ɗanyen kashi a kan ƙaramar shuka ƙona ta yake yi idan ruwa ya ɗauke, shi ya sa masu lambu suke tara shi a rami, su yayyafa ruwa, su juya, sai ya huce ya yi baƙi kafin ya shiga fangali.

Tambayar da ke da wuya ita ce daga ina takin zai fito. Amsar da kakanni suka samo amana ce tsakanin manomi da makiyayi. Bayan an ɗaure dammuna, Bafulatani ko Buzu ya sauko daga arewa ya kafa ruga a gonar abokinsa, shanu su ci kara, su kwana a nan, a riƙa matsar da makwancinsu daga wannan kusurwa zuwa waccan, a fi daɗewa a inda ƙasa ta fi lalacewa. Mai gona ya ba da damin gero, ya bar rijiya a buɗe, matan ruga su kawo nono su karɓi hatsi da dusa. Ba a rubuta komai ba. Sau da yawa gida guda da ruga guda sukan gaji wannan zumunci daga iyaye.

Fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda mutanen Nijar suka raɗa wa suna El Buhari, sun karya garken makiyaya da yawa, dabbobi suka koma hannun ƴan kasuwa da manoma masu hali. Manomin da ya mallaki shanun huɗa da tumakin kiwo ba zai bar kara a gona ba. Kwashewa yake yi ya tara, har ya zama abin sayarwa. Makiyayi ya iso ya tarar da gona fayau, burtali ya ƙuntata, abin da a da ake roƙonsa ya kawo, yanzu ana kiransa ɓarna. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari, mafi yawansu mata da yara. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, da kwamitocin filaye da suka biyo bayanta, sun taimaka wajen shata burtali da sasanta husuma. Amma doka tana iya hana faɗa ne, ba ta iya sa shanu su kwana a gonar wani.

Takin zamani bai cike giɓin ba. An ɗan saba da mai araha da ke ƙetarowa daga Najeriya, sai aka rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, buhu ya fi ƙarfin talaka. Ko da yana da arha ma, gishiri ne da ke ciyar da shuka, ba ya fasa ɓawo.

Abin da ya taimaka ya zo ta hanyoyi biyu, kuma duka biyun tsimin taki ne. Na farko shi ne sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM ya fara yaɗawa a Maraɗi daga 1983: maimakon a sassabe tohon kututture, a zaɓi ƴan rassa a raina. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa, da kwamitinsa na tsaron itatuwa, tare da goyon bayan ayyukan asusun FIDA a yankin. Gawo, da yake zubar da ganye da damina ya yi inuwa da rani, yana jawo dabbobi gindinsa su ci ƴaƴansa su bar kashinsu, wato ya mayar da kansa ƙaramar ruga. Na biyu shi ne tassa, wadda manoman Illela a jihar Tawa suka inganta bayan ziyarar da wasunsu suka kai Yatenga ta Burkina Faso a 1989. Rami ne ɗan ƙarami da ake haƙawa da diga a kan fako, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Abin da ba zai isa kusurwar gona ba idan an watsa shi, sai ya ishi fili mai faɗi, don kowane loma ya faɗa daidai gindin shuka. Rabin wata ma haka yake aiki a filayen da suka fi lalacewa.

Duk da haka taki ya riga ya zama dukiya, kuma dukiya ba ta rabuwa daidai. Mai amalanke da turken shanu yana kai lodi har gonarsa ta nesa. Mai jaki yana kai mangala. Wanda ba shi da ko ɗaya yana ɗaukar kwando a ka zuwa gonar da ta fi kusa. Masu lambunan gulbi, waɗanda suka ƙaru tun da gwamnatin Seyni Kunce ta ƙarfafa noman rani bayan 1984, suna sayensa da kuɗi hannu, don lakar fadama takan daskare, musamman tun da madatsar Jibiya ta rage ambaliyar da ke kawo sabuwar ƙasa. A cikin gida kuwa, jajayen awakin Maraɗi galibi na mata ne, su ke ba su dusa, su ke share turke kowace safiya. Amma idan bazara ta zo aka kwashe jujin, gandun maigida ake fara kai wa, gayaunar matar kuma, in har tana da ita, ta jira abin da ya rage.