Unguwar Guragu ta Karmajiji da Tarihin Yaƙi da Shan Inna

Duk wanda ya bi hanyar filin jirgin sama ya san maƙabartar sojoji, amma ba kowa ya san cewa daf da ita, a Karmajiji, akwai Unguwar Guragu ba. A 2006, zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake ministan Birnin Tarayya, aka matsa wa masu bara su bar titunan birni, aka tsugunar da naƙasassu a can. A shekarar ce kuma aka kai masu lalurar kuturta Yangoji, cikin yankin Kwali, inda ake kira ƙauyen Alheri. Akasarinsu mutanenmu ne na Arewa, waɗanda suka biyo Abuja neman abinci kamar yadda muka biyo ta bayan gwamnati ta taso daga Legas a 1991.

Ba su zo hannu rabbana ba, da tsarinsu suka zo. Tun kaka da kakanni ƙasar Hausa tana da sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu, kowa da jama'arsa, shi ke sasanta rigima, shi ke magana da hukuma. A Karmajiji ma sarki gare su. Matsuguni dai an ba su, amma an nesanta su da idon jama'a, kuma a ganinmu abin da aka fi nema ke nan a lokacin: birni ya yi tsaf.

Da yawa daga cikin guragun nan shan inna ce ta kwantar da su tun suna yara. Sunan ma labari ne, don iyayenmu sun ɗauka Inna ce, wata aljana, take shanye ƙafar yaro, sai a nufi wajen boka ko 'yan bori. Alhali ƙwayar cuta ce da ke bin bayan gida da gurɓataccen ruwa ta shiga ta baki, kuma ɗigon rigakafi yana tare ta.

To, ɗigon nan shi ya zama rigima. A 2003 jita-jita ta bazu cewa an sa masa maganin hana haihuwa, gwamnatin Kano ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi. Kada mu yi saurin cewa jahilci ne kawai. Mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ga kuma tambayar da mu ma muka riƙa yi a unguwanninmu: me ya sa maganin zazzaɓi sai ka saya, wannan kuwa har gida ake kawo shi kyauta? Sai a Yulin 2004 aka dawo da rigakafin, da wanda aka sayo daga Indonesiya, amma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama.

A nan Abuja aka ɗaura wasu manyan ɗamarun. A 2009 gwamnoni suka sa hannu kan alkawarin kawar da cutar, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jawo sarakunan Arewa cikin aikin, a 2012 kuma aka buɗe cibiyar gaggawa ta ƙasa. Har jini an zubar, don a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano.

Sai dai akwai waɗanda ba a cika ambata ba. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada, wanda shi ma shan inna ta taɓa, yake kuma ƙera wa 'yan'uwansa kekunan guragu, ya jagoranci ƙungiyarsu suka shiga lungu-lungu tare da masu ɗigo. Maigidan da ya kori ma'aikaciyar lafiya, in gurgu ya tsaya masa a ƙofar gida ya ce "dube ni, haka kake so ɗanka ya zama?", ai sai jikinsa ya yi sanyi. Waɗanda aka saba miƙa wa sadaka su suka zama masu wayar da kai.

An ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama a Borno a 2016, sannan ran 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Masu ɗigo kuwa har yau suna zagayowa, saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla inda yara ba su samu cikakken rigakafi ba.

Su guragun fa? A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 aka kafa musu hukuma ta ƙasa. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su yi hanyar da keken gurgu zai shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, amma har yanzu akwai ɗakunan shan magani da masallatai a unguwanninmu da gurgu sai ya bar kekensa a waje ya ja jiki ya hau matakala.